Uba yana Faransa, uwa da yara suna sansanin Metché: ta ina za a ɓullo wa haɗa su?

DanZongo_Ndjamena
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah wanda ya san kan wannan al'amari ya haska mana. Yayata ce, 'yar gwaggona, aure ya kai ta Nyala, a ƙasar Sudan. Da dakarun RSF suka ƙwace garin a watan Oktoban 2023 suka fito, ita da yara huɗu da uwar mijinta, suka tsallako Chadi ta Adré, daga baya aka kwashe su zuwa sansanin Metché. Mijin ya bar Sudan tun 2019, ya bi ta Libiya, yanzu yana Faransa kuma ya samu takardar zama ta ɗan gudun hijira. Kullum aka kira shi sai ya ce yana nan yana ƙoƙari, mu kuma ba mu ga komai a ƙasa ba. Wani ya ce masa sai ya samu aiki mai albashi da gida babba kafin a bar shi ya ɗauko iyali. A sansani kuma ana ce wa Yaya ta jira sunanta ya fito daga UNHCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Akwai ma wanda ya ce a kawo miliyan biyu na sefa ya gama komai cikin wata biyu. Ba su da fasfo ko ɗaya, takardun haihuwar yara biyu ne kaɗai suka tsira. Wace maganar za mu kama?

Ummu_Sudais
Wa'alaikumussalam. Allah Ya kawo musu mafita, Ya kashe wutar nan ta Sudan. Ina nan ina bibiya, mu ma muna da masu irin wannan damuwa a Alƙahira.

Tafinta_93
Malam DanZongo, kafin kowa ya ba ka shawara amsa mini waɗannan. Katin zaman nasa na shekara 10 ne ko na shekara 4? An ɗaura auren kafin ya nemi mafaka? Lokacin da ya cika takardunsa a OFPRA, hukumar Faransa mai duba neman mafaka, ya rubuta sunan matar da na yaran duka? Shekarun babban yaron nawa, da wata da rana?

Aikina tafinta ne a gefen Paris, irin waɗannan takardu na sha ganinsu. Wanda ya ce masa sai da albashi da gida ya haɗa hanyoyi biyu ne wuri ɗaya. Akwai ta baƙon da ya zo aiki ko karatu ya zauna: shi sai ya yi wata 18 a ƙasar, a duba albashinsa, a zo a auna gidansa, kuma ta ofishin OFII mai kula da shigowar baƙi ake bi. Ta ɗan gudun hijira daban take, ita ce suke kira réunification familiale. Ba ruwanta da albashi, ba ruwanta da girman ɗaki, ba a kuma ce sai ya yi shekara kaza ba. Ko a masaukin gwamnati yake kwana yana da wannan haƙƙi. Abin da mutanenmu suka fi jahilta shi ne, ba shi zai fara ba. Matar da yaran ne za su nemi bizar dogon zama a ofishin jakadancin Faransa na ƙasar da suke, wato nan N'Djamena wajenku. Bayan an karɓa ne wani ofishi a Nantes mai kula da iyalan 'yan gudun hijira zai aiko masa da takarda ya cika, su kuma tambayi OFPRA ko iyalin da ya faɗa tun farko su ne waɗannan. In yana zaune yana jiran a kira shi, ita ma tana zaune tana jiran a kira ta, to haka za su ƙare.

DanZongo_Ndjamena
Na gode Malam Tafinta. Na kira shi yanzu. Katin na shekara 10 ne. Auren tun 2005. Ya ce ya rubuta su duka. Babban yaron saura wata biyar ya cika 19. Sannan akwai abin da ban faɗa ba: ɗaya daga cikin yaran, yarinya 'yar shekara 14, ba Yaya ce ta haife ta ba, 'yar kishiyarta ce da ta rasu wajen haihuwarta, Yaya ce ta shayar da ita ta raine ta. Ga kuma tsohuwa.

Tafinta_93
Saura wata biyar? Malam, ajiye duk abin da kake yi. Dokarsu ta ce ɗan ma'auratan da bai yi aure ba, kuma bai wuce ranar cikarsa shekara 19 ba. Ana duba shekarun ne a ranar da aka shigar da neman bizar, ba ranar da aka ba da ita ba. Ko da takardu ba su cika ba a nemi ranar ganawa yanzu, a cika buƙatar ta shafin France-Visas, a ajiye duk wata shaida mai kwanan wata: saƙon imel, rasit, hoton allon waya. Idan ranar ta wuce ba a shigar ba, uwa da ƙanne za su iya tafiya shi a bar shi a Metché.

Alhaji_BizaSharp
Salam. Muna yin bizar Faransa, Jamus, Kanada, Poland, babu ganawa babu wahala, muna da mutane a ciki. Mai buƙata ya biyo ni ta akwatin sirri.

Mai_Gadin_Zaure
Alhaji BizaSharp, na cire ka. Wannan ne karo na ƙarshe da zan yi magana a kai: ba a tallar biza a zauren nan. Jama'a a kula, duk abin da UNHCR ke yi wa ɗan gudun hijira kyauta ne, daga rajista har sake tsugunarwa. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya sa suna a jeri, ɓarawo ne.

Maman_Hanifa_Lyon
DanZongo, sannu da ƙoƙari, Allah Ya bar zumunci. Ni ta wannan hanyar na zo da 'ya'yana, don haka bari in faɗa maka abin da ba a rubutawa a takarda.

Kuɗin biza Yuro 99 ne kowane kai, har jariri. Kuɗin jirgi ku za ku nema, ba wanda zai biya muku. Amma abin da ya fi cin rai shi ne tabbatar da cewa kai ne kai. Mu takardar aurenmu ta malamin unguwa ce, rubutun hannu, ta jiƙe ta bushe har tawadar ta bazu. Abin da ya cece mu shi ne OFPRA da kanta take yi wa ɗan gudun hijira takardar haihuwa da ta aure bisa abin da ya faɗa, tunda shi ba zai iya komawa wajen hukumomin ƙasarsa ba, kuma wannan takarda tana da ƙarfi ƙwarai. Ka tambayi mijin Yayarka ko ya karɓi tasa ta aure. In bai karɓa ba ya bi sahu.

Su kuma yaran da takardunsu suka ƙone, doka ta yarda a kawo shaidar zaman tare. Ni sai da na cika jakar leda: rasit ɗin kuɗin da yake turo mana duk wata, hotunan sunan yara yana riƙe da su, katin rigakafi mai sunan uba, katin makaranta, jerin kiran WhatsApp da muka buga a takarda. Ki ce wa Yaya, afuwan, ka ce wa Yaya kada ta yar da komai, ko katin rabon abinci ne. Takardar rajistar sansani ma tana nuna su waye a gida ɗaya.

Bintu_Maiwurno
Maganar jawaz, wato fasfo, ce ta fi damuna. Mu 'yan Sinnar da muka fito bayan an shiga Sinja a 2024, mun ga abu. Tun watan Afrilun 2023 ofisoshin jakadanci suka kwashe mutanensu daga Khartoum, wasu bayin Allah fasfo ɗinsu na ciki aka kulle aka tafi. Sabon jawaz kuma samunsa da wuya, ga tsada ga layi. Masar ma tun Yunin 2023 ta ce kowa sai da biza, har mata da yara da a da suke shiga haka nan. To mace mai yara huɗu a sansani ina za ta samo kuɗin jawaz biyar? Kuma mu Hausawa kun san tambayar da ake mana in mun je neman lambar ɗan ƙasa: kakanka daga ina ya zo? Alhali kakannin namu fiye da shekara ɗari suke bakin kogin Nilu.

Tafinta_93
Hajiya Bintu, rashin fasfo ba ya kashe magana. In an amince da bizar, ofishin jakadancin Faransa yana iya ba su takardar wucewa ta tafiya ɗaya a manna bizar a kai. Ƙungiyar Red Cross ta duniya ma tana da takardar tafiya ta gaggawa ga irin waɗannan mutane. Wanda ya samu fasfo cikin sauƙi ya yi, ya fi saurin tafiya. Sai dai shi mijin kada ya kuskura ya taka ofishin jakadancin Sudan da kansa, ko ya nemi fasfon Sudan, domin hakan na iya jawo a ce ya koma ƙarƙashin kariyar ƙasarsa a karɓe masa matsayin. Yana da takardar tafiya ta 'yan gudun hijira, da ita zai iya zuwa Chadi in ya samu biza, Sudan ce kawai ba ta shiga.

Bakatsine_a_Hamburg
Ku gode wa Allah Faransa ya faɗa, kuma katin shekara 10 ne. Nan Jamus wanda aka ba cikakken matsayi wata 3 kacal gare shi ya sanar cewa zai ɗauko iyali, in ya wuce sai a fara tambayarsa albashi da gida. Masu ƙaramar kariya kuwa, da ma tun 2018 mutum 1,000 ake bari a wata a ƙasar gaba ɗaya, a Yulin 2025 aka dakatar da abin ɗungurungum na shekara biyu. Akwai 'yan Siriya a wurin aikinmu da suka yi shekaru suna layi, rana ɗaya aka rufe ƙofa. Shawarata ku shirya kuɗin gwajin jini tun yanzu, don yaran da ba su da takarda sai an yi musu DNA.

Maman_Hanifa_Lyon
Malam Bakatsine, wannan a wajenku ne. Faransa ba ta aiki da gwajin jini a neman biza. An taɓa sa shi a doka a 2007, aka yi ta rigima, ba a taɓa aiwatar da shi ba. Kada su kashe kuɗinsu a banza. Kuma a nan mai ƙaramar kariya, wato mai katin shekara 4, ma yana da haƙƙin ɗauko iyali daidai da mai na shekara 10.

Bakatsine_a_Hamburg
To madalla. Ashe kogin Rhine kaɗai ya raba mu amma dokokin kamar ba Tarayyar Turai ɗaya ba.

Dattijo_Fagge
Ni fa ina da tambaya, kada a ga kamar na kawo cikas. Dole ne sai an kwashi yara an kai su Turai? Yarinya 'yar shekara 14, a kai ta ƙasar da aka hana ɗaura ɗankwali a makarantun gwamnati tun 2004? Me zai hana shi ya riƙa turo kuɗi, ku kama musu gida nan N'Djamena kusa da ku, yara su shiga makaranta cikin 'yan'uwansu Musulmi, shi ya riƙa zuwa hutu? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mun ga waɗanda suka tafi da yara suka dawo ko gaisuwa ba su iya ba.

Ummu_Sudais
Baba Dattijo, da girmanka, amma wane gidan? Gidan yana Nyala, kuma Allah kaɗai Ya san wanda ke kwana a cikinsa yau. Ƙaramin yaron nan bai san ubansa ba sai a waya. Mace ta yi shekara shida ba miji, ita ce uwa ita ce uba, ita ce mai jinyar suruka, a ce ta ƙara haƙuri? Tarbiyya ai da uba a gida ta fi yiwuwa.

Dattijo_Fagge
'Yata, ban ce ta dawwama a tanti ba. Cewa na yi a auna. Allah Ya zaɓa musu mafi alheri.

Dan_Damagaram
Baba Dattijo ya taɓo wani abu ko da ba shi yake nufi ba. Su fito daga sansani su zo N'Djamena dole ne ma, don ba a ɗaukar hoton yatsu daga nesa. Daga Adré zuwa Abéché zuwa N'Djamena ya haura kilomita 900, kuma ɗan gudun hijira ba ya kama hanya haka kawai, sai ya karɓi takardar izinin tafiya daga CNARR, hukumar Chadi mai kula da 'yan gudun hijira, in ba haka ba kowane shinge sai an sauke su. Lissafa: Yuro 99 kusan jika 65 ke nan, wato sefa dubu 65, mutum biyar jika 325, ban da mota, ban da masauki, ban da fassara takardun Larabci zuwa Faransanci wajen tafinta mai hatimi. Ku fara haɗa gudummawa a dangi tun yau.

Ku ma kun yi sa'a ofishin yana nan. Mu a Nijar tun Janairun 2024 Faransa ta rufe ofishin jakadancinta a Yamai, mai irin wannan buƙata sai ya ƙetara wata ƙasa.

Abu na ƙarshe, ku sa ido kan saurayin nan. Ina zaune a hanyar Agadez, na san yadda abin yake. Yaro ɗan 18 in ya ji an ce shekarunsa za su hana shi, washegari za a neme shi a rasa, sai dai a ji kira daga Kufra ko Sabha a Libiya ana neman kuɗin fansa. Ubansa ta nan ya bi, zai ce shi ma zai iya. A zaunar da shi a gaya masa ana kan aikinsa.

DanZongo_Ndjamena
Wallahi Dan Damagaram kamar kana wurin. Abokansa biyu sun riga sun tafi ta Tiné, garin kan iyakar Chadi da Sudan. Yaya ta ce ba ta barci in ya fita da dare.

Hajiya_Winnipeg
Ina so in ja hankali kan abin da Malam Tafinta ya tambaya tun farko, wato ko ya rubuta su duka. Kada ku tsaya a kan "ya ce". Ya ɗauko kwafin takardar ya karanto muku. A nan Kanada wanda aka kawo a matsayin ɗan gudun hijira yana da shekara ɗaya ya nemi matarsa da 'ya'yansa 'yan ƙasa da 22, amma sai waɗanda ya ambata kafin ya taso. Na san wata baiwar Allah da aka ba ta gurguwar shawara a sansani, wai in ta ce tana da 'ya'ya a wani gari fayil ɗinta zai daɗe, ta yi shiru. Ta iso lafiya, amma shekaru ta yi tana shari'ar ɗan da ta haifa da cikinta.

Game da Sudan, Kanada ta buɗe wata hanya ta musamman a Fabrairun 2024, mai ɗauke da iyaye da kakanni da 'yan'uwa, ba mata da yara kaɗai ba. Buƙatu 3,250 aka ce za a karɓa da farko, nan da nan ta cika. Na kawo wannan ne saboda tsohuwa: ko tana da wani ɗa ko jika a Kanada?

DanZongo_Ndjamena
Babu, Hajiya. 'Ya'yanta biyu ne suka rage, shi da wata a Gadarif.

Tafinta_93
To mu zo kan masu wuyar guda biyu.

Yarinyar: tunda 'yarsa ce ta wata matar, ana iya ɗaukarta, amma iyakar shekarun irinsu 18 ne ba 19 ba, kuma sai an nuna uwar ta rasu, ko kotu ta ba shi riƙo. Nan da sauƙi tunda 14 take. A nemo shaidar rasuwar. In babu ta asibiti, a haɗa duk abin da ake da shi, da abin da ya faɗa wa OFPRA game da matar tasa ta biyu. Da a ce kishiyar tana raye da magana ta canza, don Faransa ba ta yarda mutum ya zauna da mata biyu ba: ɗaya kawai zai kawo, 'ya'yan ɗayar ma ba sa shiga sai in ta rasu ko an karɓe mata ikon riƙo. Kuma kada wani ya ba ku shawarar a rubuta yarinyar a matsayin 'yar cikin Yaya don a huta. In abin ya saɓa da abin da ya faɗa wa OFPRA tun farko, ba ita kaɗai za a ƙi ba, duk takardun gidan za su zama abin zargi.

Tsohuwa: gaskiya ba ta cikin wannan hanya. Yaro ɗan ƙasa da 18 da ya samu mafaka shi ne ke iya ɗauko iyayensa, tun 2018 ma har da ƙannensa da ke hannunsu. Babba ba ya ɗauko uwarsa. Abin da ya rage, in ya zama ɗan ƙasa zai iya nema mata bizar uwar da ke ƙarƙashin kulawar ɗanta Bafaranshe. Ɗan gudun hijira ba a sa masa sharaɗin jiran shekara biyar kafin ya nemi zama ɗan ƙasa, amma ana neman Faransanci mai ƙarfi da aikin yi, kuma abin yana ɗaukar lokaci. Akwai kuma bizar neman mafaka da ofishin jakadanci ke bayarwa, sai dai wannan alfarma ce ba haƙƙi ba, kaɗan ne ke samu.

Bintu_Maiwurno
Innalillahi. To wa zai gaya wa tsohuwa? Ta rasa gida, ta rasa 'ya'ya, jikokin da take gani ta ji sanyi su ma a kwashe. Wace irin doka ce ke cewa uwa ba iyali ba ce?

Sani_Bronx
Hajiya Bintu, kusan duk haka suke, iyali a wajensu miji da mata da ƙananan yara ne. A Amurka takardar I-730 ta mata ko miji ce da 'ya'ya 'yan ƙasa da 21 marasa aure, kuma cikin shekara biyu da shigowa ko samun mafaka. Uwa sai ka zama ɗan ƙasa ka kai 21 ka cika mata I-130. Da akwai shirin P-3 da ke ɗaukar iyaye, shi ne mai gwajin jinin da Bakatsine ke magana. Amma yanzu duk wannan zance ne: tun Janairun 2025 Trump ya dakatar da shirin karɓar 'yan gudun hijira, a watan Yuni kuma ya sa Sudan da Chadi cikin ƙasashen da aka hana shiga. Duk wanda ya ce muku zai kai wani Amurka daga sansanin Chadi a yanzu, ku riƙe aljihunku.

Lawal_Bradford
Birtaniya ma haka. Da kyauta ne ɗan gudun hijira ya ɗauko mata da 'ya'ya 'yan ƙasa da 18. A Satumban 2025 gwamnati ta dakatar da karɓar sababbin buƙatu, aka ce su bi hanyar kowa da kowa, mai neman albashin fam 29,000 a shekara. Abin da nake so DanZongo ya fahimta, ƙofofin nan rufewa suke yi ɗaya bayan ɗaya, ba sanarwa mai tsawo. Ta Faransa tana buɗe yau. Ba wanda zai rantse maka a kan baɗi.

Gwoza_Ina_Kewa
Ni ba ni da ilimin biza, amma ga mai neman wanda ya ɓace: mu da muka zauna a sansanin Minawao na Kamaru ta Red Cross muka gano mahaifinmu, bayan mun riga mun yi masa addu'ar bakwai. Suna da sashen haɗa dangi, kyauta ne. Ummu Sudais, in naku na Alƙahira akwai wanda ba a san inda yake ba, ku fara da can.

Ummu_Sudais
Allah Ya saka, ɗan'uwa. Namu an san inda suke, takardu ne matsalar. Malam Tafinta, to jiran UNHCR da ake gaya wa Yayarsa fa? Ta daina?

Tafinta_93
Hajiya, abu biyu ne. Sake tsugunarwa UNHCR ce ke zaɓa, ba a nema, kuma ko kashi 1 cikin 100 na 'yan gudun hijirar duniya ba sa samu a shekara. Ba kuma kai ke zaɓen ƙasa ba. Haɗa iyali kuwa haƙƙin mijin ne a dokar Faransa, ba ya bi ta jerin kowa. Amma ta je ofishinsu na sansani ta sanar cewa mijinta yana Faransa da matsayi, a rubuta a fayil, ta kuma nemi a duba tsohuwa a matsayin mai rauni da za a bari ita kaɗai.

Wani abin da ke kayar da mutane: rubutun suna. A Sudan an rubuta da Larabci, a Faransa wani ya juya shi Mohamed, a rajistar Chadi an rubuta Mahamat, ga ranar haihuwa kowa 1 ga Janairu. Ku jera takardun a tabarma ku gwada harafi da harafi. Inda aka samu bambanci a nemi gyara a sansani, ko a rubuta wasiƙar bayani a haɗa tun farko, kada a jira sai an tambaya.

In an ƙi ba da bizar ba ƙarshe ba ne. Kwana 30 ne a kai ƙara hukumar ɗaukaka ƙarar biza a Nantes, in ta ƙi ko ta yi shiru wata biyu sai kotun gudanarwa ta Nantes ɗin. Ya je ƙungiyoyin taimakon baƙi irin su La Cimade ko France terre d'asile ko ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta unguwarsu, kyauta suke taimakawa, kuma mai ƙaramin ƙarfi yana iya neman gwamnati ta biya masa lauya.

Maman_Hanifa_Lyon
Ƙari a kan na Malam: a nemi wa kowa lokaci ɗaya. Ba sa son a raba yara, a kawo wasu a bar wasu, sai da dalili mai ƙarfi na amfanin yaran. Kada a ce bari a fara da babban tunda shi ne ke gaggawa, sauran in an samu kuɗi. Kuma a shirya wa jira. Suna iya ƙara wata huɗu don binciken takardu, su sake ƙara wasu huɗun. Mu lokacin da muke jira har na daina ɗaga waya in na ga lambar dangi, don tambayar ɗaya ce, "yaushe ne tafiyar?"

Baba Dattijo, ban manta da maganarka ba. Gaskiya ne 'yata tana cire ɗankwali a ƙofar makaranta ta mayar in ta fito, kuma abin yana mini ciwo har gobe. Amma ranar Asabar tana islamiyya, Hausa muke yi a gida, ubanta ne ke duba mata karatu. Kowanne da nasa farashin.

Dattijo_Fagge
Na ji, Maman Hanifa. Allah Ya shirya mana zuri'a. Ni dai har yanzu tsohuwar nan ce a raina. DanZongo, in tafiyar ta tabbata, kai za ka ɗauke ta?

DanZongo_Ndjamena
Baba, mun yi maganar da mai ɗakina jiya, ɗaki ɗaya muke da shi na baƙi, za mu ba ta in ta yarda. Matsalar ita ce Yaya ta ce ba za ta taka jirgi ta bar surukarta ba, shekara ashirin suna tare, ita ta karɓi haihuwar yaranta duka. Mijin kuma ya turo hoton takardar OFPRA da safen nan. Sunayen yara huɗu suna ciki, alhamdulillahi, har da marigayiyar. Amma shekarar haihuwar babban an rubuta 2006, takardar haihuwarsa ta Nyala kuma 2007 ce. Ya ce ranar ganawar a ruɗe yake, lissafi ya yi da ka.

Tafinta_93
In aka bi 2006 ya riga ya wuce 19, don haka wannan ba ƙaramin abu ba ne. Takardar haihuwar ta asali ce ko kwafi? Rajistar sansani wace shekara ta rubuta? Ya rubuta wa OFPRA yau yau ya nemi gyara, ya haɗa hoton takardar da fassararta, ya aika ta wasiƙa mai rasit. Ku kuma kada ku jira amsarsu, ku nemi ranar ganawar.

Dan_Damagaram
Ku lallashi Yaya ta zo a shigar da takardun tukuna, ko don yaron. Shigarwa ba tafiya ba ce, tana da watanni a gaba ta yi shawara da surukarta.

Bintu_Maiwurno
Ni da za a bi tawa, a bar tsohuwar ta faɗi ra'ayinta da bakinta. Duk muna ta yanke mata, ba wanda ya ce an tambaye ta. Wataƙila ma Gadarif take so, wajen 'yarta.

DanZongo_Ndjamena
Ta asali ce, Malam, mai hatimi, tana cikin ledar da Yaya ta ɗaure a ƙugu suka fito. Ta sansani ban sani ba, sai ta samu caji ta duba mini. Hajiya Bintu, zan sa a ba tsohuwa wayar in an kira da yamma. Akwai wanda ya san tafinta mai hatimi a N'Djamena da ke juya Larabci zuwa Faransanci, kuma nawa ake biya kowace takarda?